"Tunda Ya Yi Ƙyanda Bai Sake Lafiya Ba"

Wannan magana za ka ji ta a bakin iyaye mata a layin awo, ko a Rigasa ko a Tudun Wada. Ƙuraje sun bushe, ido ya washe, zazzaɓi ya sauka. Amma yau zawo, gobe tari, jibi kunne na zubar da ruwa. Kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce baki ne. To, uwar ce ta fi su gaskiya, ƙyandar ce.

Jikin yaro yana da masu gadi, su ne garkuwar jiki. Duk cutar da ta taɓa shiga, ko wadda aka nuna musu ta hanyar allura, suna riƙe kamanninta, kamar 'yan sintirin unguwa da suka san fuskar kowane ɓarawo. Ita ƙwayar ƙyanda ba a fata ta tsaya ba. Waɗannan masu gadin da suka san fuskoki take bi tana kashewa. Sai yaro ya tashi daga jinya, ɓarawon da aka kora bara ya dawo, ba mai gane shi.

An auna wannan ɓarnar. A 2019 Michael Mina na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin jinin yara 77 a ƙasar Holan, waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. An ɗebi jininsu kafin ƙyanda ta kama su, an sake ɗiba bayan ta sake su. A wani yaron ta share kashi 11 cikin ɗari na kariyar da ya tara, a wani har kashi 73. Yaran da aka yi wa allurar kuwa ba su yi wannan asarar ba. Kuma raunin kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin jiki ya farfaɗo. Shekara uku fa, a garin da sauro bai san hutu ba.

Ka ga ke nan allurar wata tara ba ƙyanda kaɗai take tarewa ba. Har da ciwon huhu da zawon da kan biyo bayanta.

A nan Afirka ta Yamma aka fara kula da abin sosai. A 1978 wani ɗan Denmark, Peter Aaby, wanda ba ma likita ba ne, ya fara ƙidayar yara gida-gida a unguwar Bandim ta Gini Bisau. Da aka yi allurar ƙyanda, mutuwar yara ta ragu fiye da yadda lissafin ƙyandar kaɗai zai bayar. An daɗe ana yi masa kallon mai tatsuniya.

Yanzu ɗaga hannun rigarka na hagu. Ka ga lambar nan? Ta allurar BCG ce, ta tarin fuka, wadda aka fara yi a Faransa tun 1921. Tana rage haɗarin kamuwa da kuturta. Tun 1976 kuma likitoci suke zuba ta cikin mafitsara don maganin wani nau'in kansar mafitsara, ta tunzura garkuwar jiki ta far wa ƙarin. A Gini Bisau an ga jarirai masu ƙarancin nauyi da aka yi wa ita da wuri sun fi tsallake watan farko. Bayanin masana shi ne tana horar da masu gadin layin farko, su zama a faɗake ko da baƙon ɓarawo ne.

Amma kada mu cika gishiri. An gwada BCG kan ma'aikatan lafiya lokacin korona, ba ta kare su ba. A 2014 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba hujjojin, ta ga alamar amfani a BCG da allurar ƙyanda, amma ba ta taɓa jadawalin ba.

Akwai kuma ribar aljihu. Yaron da bai kwanta da ciwon huhu ko zawo ba, ba a kai shi kemis an ɗura masa antibayotik ba, maganin nan da yawan shansa ke sa ya daina aiki.

Hajiya, ɗauko katin allurar yaron nan daga ƙarƙashin katifa. Allurar ƙyanda biyu ce yanzu a Najeriya, ta wata tara da ta wata goma sha biyar, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Ta biyun ce aka fi mantawa, don lokacin yaro ya fara tafiya, wataƙila ma an samu ƙaramin ciki. Idan gurbinta babu komai, ko lokacin ya wuce, ki kai shi ranar allura kafin zafin bazara ya shigo, don lokacin ne baƙon dauro ke zagaya unguwa.