Bishiyar maƙwabci ta tare maka rana: wa ke da ikon sara?

Ku dubi ɗakin nan. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, amma sai an kunna fitila. Shekara takwas da suka wuce maƙwabci ya jera dashe a bakin katanga, ko gwiwa ba su kai ba. Yau sun wuce rufin gida. Shanya ba ta bushewa, ganye ya toshe indararo, faifan sola yana wuni a inuwa. An yi magana sau ɗaya, an sake yi, daga nan gaisuwa ta yanke. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

To, doka za ta sa shi ya sare?

Amsar ba ta yi wa mai ƙorafi daɗi. A ƙasashe da dama inuwa kaɗai ba ta isa hujja ba. Doka ta fi son abin da za a ɗora wa ma'auni: nisan bishiya daga iyaka, tsawonta, da reshe ko saiwar da ta tsallaka.

Faransa ta fayyace abin filla-filla. Sashe na 671 na kundin dokokinta na farar hula ya ce, in babu wata ƙa'ida ta yanki, bishiyar da ta haura mita 2 sai a dasa ta aƙalla mita 2 daga iyaka. Wadda ba ta kai haka ba, rabin mita ya wadatar. Wanda ya saɓa, maƙwabci na iya neman a cire ko a rage mata tsawo. Sai dai in ya zuba ido har shekara 30, damar ta wuce shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sashe na 673 kuma ya raba reshe da saiwa. Saiwar da ta shigo gidanka, kai ma kana iya datse ta a daidai iyaka. Reshe kuwa ba ka da ikon taɓa shi, sai dai ka tilasta wa mai bishiya ya sare. 'Ya'yan itacen da suka faɗo da kansu a filinka naka ne, amma ba a ce ka girgiza ba.

A Jamus kana iya sare reshen da kanka, bayan ka ba mai bishiya wa'adin da ya dace ya wuce bai yi komai ba, kuma in har reshen yana takura maka amfani da filinka.

Ingila ce ta fi sakin hannu. Tun wata shari'a ta 1894 aka tabbatar cewa mutum na iya sare reshen da ya leƙo gidansa ba tare da neman izini ba, muddin bai taka gidan maƙwabci ba. A kan haske kuwa, dokar 1832 tana kare tagar da ta yi shekara 20 tana samun haske ba yankewa. Tsakar gida da lambu ba sa ciki, kuma cin nasara da ita a kan bishiya ba abu ne mai sauƙi ba.

Sai ga lailandi, wata bishiya da ba ta zubar da ganye, wadda kan ƙara kusan mita ɗaya a shekara. Ta haddasa rigingimu har majalisa ta yi doka a 2003. Yanzu in bishiyoyi biyu ko fiye masu ganye rani da damina suka yi shinge da ya haura mita 2, ana iya kai ƙara ƙaramar hukuma. Za ta fara tambayarka ko ka nemi sulhu, yawanci za ta karɓi kuɗin duba ƙorafi, kuma ba za ta ce a tumɓuke shingen ko a rage shi ƙasa da mita 2 ba. Wanda ya ƙi bin umarni, tara na iya kai fam 1,000. Bishiya guda ɗaya tal, komai girmanta, ba ta cikin wannan doka.

Inda mai gaskiya ke zama mai laifi shi ne ranar da haƙurinsa ya ƙare. Ya jira maƙwabci ya yi tafiya, ya kafa tsani, ya sare kan bishiya, ko ya zuba mata guba a gindi. Shi ke nan, diyya ta hau kansa. Wata bishiyar ma hukuma ce ta sa mata kariya, ko mai ita ba ya sara sai da izini.

Ni dai a ganina, takarda ta fi gatari kaifi a wannan rigima. Ɗauki hoton inuwar safe da yamma, auna nisan gindin daga katanga, rubuta wa maƙwabci wasiƙa da kwanan wata, ka ajiye kwafi. Sannan ka tambayi hukumar yankinka abin da ƙa'idarsu ta ce kafin ka ɗauko zarto.

In kuma a Ingila kake, ka riga ka sare rassan da suka leƙo, ka sani har yanzu dukiyar mai bishiya ce. Ka tambaye shi ko yana so. Kada ka cilla masa ta saman katanga.