Zanen Rothko: abin da allon waya ke ɓoye mana

Wannan da kuke gani zanen Mark Rothko ne, wani mai zane ɗan Amurka, na shekarar 1961. Ruwan lemo, ja, rawaya, shi ke nan. A watan Mayun 2012 aka yi gwanjonsa a New York, ya tashi kusan dala miliyan 87. Duk sanda hoton ya zagayo sai ka ji ana cewa, "Haba, ai ko yarona ɗan firamare zai yi wannan!"

Batun kuɗin mu bar wa masu kuɗin. Inda ake kuskure shi ne yadda launin ya hau ƙyallen.

Ku dubi nan da kyau. A waya ja ɗaya ne, sumul, kamar fentin bango. Shi kuwa Rothko tsinka fentin yake yi har ya zama ruwa-ruwa, ya shafa kaɗan, ya bari ya sha iska, ya sake ɗora wani, ya sake. Na ƙasa bai mutu ba, yana leƙowa ta cikin na sama. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane nan take: tsomawa ɗaya ba ta ba da shuɗi mai zurfi. Sai an tsoma, an ɗaga ya sha iska, an mayar, sau da yawa, kafin baba ya kama har ido ya nutse a ciki. Ni kam wannan haƙurin ne ya sa nake ƙaunar aikinsa.

Ga gefen ma. Babu layi ko ɗaya da aka ja da ma'auni, launin yana narkewa ne kamar hayaƙi.

Sai girma. Tsayin zanen ya haura mita 2, kuma Rothko ya so mai kallo ya matso kusa, kamar santimita 45, ta yadda launin zai cika masa ido, dama da hagu. Mu kuwa mun matse shi a tafin hannu muna wucewa da babban yatsa.

To, ga kyamara ta matso. Zan yi shiru na daƙiƙa 10. Ku zuba ido a daidai inda rawayar nan ta sama ta taɓa jan da ke kewaye da ita.