Karas, Manja da Fatar Mutum

Asma'u: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga Sakkwato. Ni ce Asma'u, ga Malam Bello, ga kuma Anti Kulu da ta karanci kimiyyar abinci. Anti, amare sun dame mu da tambaya guda: wai da gaske karas na sa fari?

Anti Kulu: Ba ya sa fari, Asma'u. Masu kayan gyaran jiki ne ke liƙa hoton karas a kwalba. In kin shafa mai, mako biyu kika ga kin washe, to ba aikin karas ba ne. Sau da yawa akwai sinadarin bilicin a ciki, kuma wasu har ɓata fata suke yi.

Bello: To mi karas ɗin ka yi ke nan, Anti?

Anti Kulu: Aikinsa daga ciki yake. Launin nan na karas da kabewa da mangwaro, da jan tumatir, wasu sinadarai ne ke kawo shi, ana kiransu karotinoyid. Sun haura iri 600, amma kaɗan ne muke samu a abinci. Jikin mutum ba ya ƙera su, sai an ci. Na karas da manja shi ne beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, shi kuwa fata na buƙatarsa wajen sabunta kanta. Na tumatir da kankana da jar gwaiba laikofin ne.

Bello: Amma zogale kore ne, kuma kullum sai an ce a ci.

Anti Kulu: Yana ciki, koren ne ya rufe shi. Ba ka ganin ganye in ya tsufa yakan koma rawaya? Launin da ma yana nan. Zogale, alayyahu, rama, duk suna da shi.

Asma'u: To ina ruwansu da zafin ranarmu? Kin san watan Afrilu a garin nan, ma'auni na wuce 40.

Anti Kulu: Ba zafin kansa ba ne, wani haske ne a cikin rana da ido ba ya gani. In ya daki fata sai ya tayar da wasu ƙwayoyin sinadari masu lalata abin da ke riƙe fata ta yi tsantsi, daga nan tamoji ke soma fitowa da wuri. Karotinoyid na taruwa a fata su rage wannan ɓarnar. A 2001 an wallafa wani bincike daga Jamus: an riƙa ba mutane giram 40 na tumatirin gwangwani da man zaitun kullum. Bayan mako 10, jan da fatarsu ke yi in an haska mata irin wannan hasken ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Bello: Turawa ke nan. Mu da Allah Ya ba baƙar fata hwa?

Anti Kulu: Gaskiyarka, mafi yawan binciken kan fararen fata aka yi shi, mu kuma baƙin fatarmu kansa garkuwa ne. Shi ya sa ba na kambama abin. Kariyar kaɗan ce, kuma sai an ɗauki makonni ana ci. Wanda yake zabiya kada ya dogara da miya. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa da man kariya daga rana su ne nasa.

Asma'u: Anti, ki yi mana maganar manja, don na san nan za ki ɓata wa mata rai.

Anti Kulu: Ai dole. Manja na cikin abincin da ya fi kowane yawan beta-karotin. Sai a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi, gida ya turnuƙe ana tari, jan ya gudu ya koma kamar man gyaɗa, a ce an kashe gafinsa. Wannan jan da ya tafi, shi ne abin da muke magana a kai. Ki narkar da shi, ki jefa albasa, da ta yi laushi ki zuba kayan miya.

Asma'u: Su Inna za su ce miyar ba ta soyu ba.

Anti Kulu: A bar tumatirin ya soyu, shi wuta ma taimakonsa take. Laikofin ya fi shiga jiki in an dafa tumatir da mai. Duk waɗannan sinadaran a mai suke narkewa, ba a ruwa ba. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa daidai yake. Iyayenmu sun haɗa shi yadda ya kamata.

Bello: Wata uwa ta rubuto cewa tafin hannun ɗanta ya koma rawaya, kuma kullum gwaten kabewa da karas take ba shi. Ciwon shawara ne?

Anti Kulu: Ta duba farin idonsa. In karotin ne ya yi yawa, tafin hannu da na ƙafa ne ke rinewa, ido na nan fari, kuma in an rage abincin yakan washe a hankali. In idon ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, asibiti za ta kai shi yau ɗin nan.

Bello: To mutum ya sayi ƙwayar karotin ɗin a kemis mana, ya huta da tauna.

Anti Kulu: A'a, Malam Bello, musamman mai shan taba. An yi manyan bincike biyu, na ƙasar Finlan a 1994 da na Amurka a 1996, aka ga masu shan sigari da aka ba ƙwayar beta-karotin mai yawa sun fi kamuwa da kansar huhu. Na Amurka ma dakatar da shi aka yi kafin lokacinsa. Ba a ga haka ga karas ɗin da ake ci ba.

Bello: Shi ke nan, sai in faɗa wa abokan majalisa.

Asma'u: Ka fara da na kusa da mai shayi. Masu sauraro, mako mai zuwa kaushi da faso za mu taɓa kafin hunturu ya kankama. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku.