Amsoshin Tambayoyinku: Shekara Guda a Kan Ruwa da Abokai

Mai gabatarwa: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Tun bayan hirarmu ta makon jiya wasiƙu ke ta shigowa kan baƙon nan namu, wanda shi da abokansa huɗu suka shafe bara suna bin koguna da tafkuna a ƙananan kwalekwale, inda dare ya riske su su kafa tanti. Mun sake gayyato shi. Malam, sannu da zuwa.

Baƙo: Yawwa, sannunmu dai. Allah ya sa tambayoyin ba su fi ƙarfina ba.

Mai gabatarwa: Wata 'yar'uwa ta rubuto tana cewa ta ji kana ta ambaton kayak, shin ba kwalekwale ba ne?

Baƙo: Ɗan'uwansa ne, Malama. Kwalekwale a buɗe yake, filafilinsa mai baki guda ne. Kayak kuwa siriri ne, yawanci a rufe, kana zaune ƙasa-ƙasa ƙafafu a miƙe, filafilin baki biyu, ka tsoma dama ka tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na can ƙuryar arewacin duniya, da fatar dabbobin teku suke haɗa shi don farauta. Shi ko kwalekwale tsoho ne tukuf. Wanda aka tono a Pesse ta ƙasar Holan a 1955 ya doshi shekara 10,000. Mu biyu ke tuƙa kwalekwale, ukun kowa da kayak ɗinsa.

Mai gabatarwa: To ga wani matashi, ya ce shi gwani ne a iyo tun yana yaro, me zai yi da rigar ceto, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ga zafi ga takura?

Baƙo: Ɗan'uwa, ni ma haka na ce, har ranar da ruwa ya koya mini hankali. A tafiyarmu ta shida ne. Mun wuce wani wuri mai duwatsu, ruwa na ta ruri, muka fita lafiya muna ihun murna. Gaba kaɗan kogin ya yi kwana, lumus, ko ƙara babu. Ashe wata itaciya ta faɗi ta gitta. Ruwa na bi ta tsakanin rassanta ya wuce abinsa, amma kwalekwale ba ya wucewa. Kafin na ce me, mun yi gicciye, gefe ɗaya ya nutse, sai gani a ciki. Abin da ba na mantawa, ba zurfin ba ne, sanyin ne. Numfashina ya sarƙe, ina haki ba da sona ba, hannun da na saba iyo da shi ya ƙi bin umarni. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan iska, ga tufafi sun jiƙe sun yi nauyi. Rigar da na saka don kawai abokaina su daina yi mini mita, ita ta riƙe kaina sama har aka jefo mini igiya. Takalmina ɗaya yana can har gobe.

In ka faɗa ruwa mai gudu, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa. Ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwan ya danne ka ta baya. Kwanta rigingine, ƙafafu a gaba kuma a sama, har ka kai inda ya lafa. Ƙaramar madatsa kuma, ko da tsayinta bai kai ƙugu ba, a fito gaci a ɗauki jirgi a kewaye. Ruwan da ke ƙarƙashinta juyawa yake yi yana mai da mutum baya.

Mai gabatarwa: Allah ya kiyaye. Wani kuma ya ce kafaɗarsa ke ciwo duk ranar da ya yi tuƙi.

Baƙo: Da hannu yake tuƙi. Ya riƙa juya gangar jikinsa daga ƙugu, ya kuma sassauta riƙo. Mai damƙe filafili kamar za a ƙwace masa shi ke kwana da bororo a tafi.

Mai gabatarwa: Wannan tambayar ta ba ni dariya. Wata mai sauraro ta ce, tsakaninka da Allah, mutum biyar shekara guda, ba ku taɓa faɗa ba?

Baƙo: Hajiya, ai zo mu zauna zo mu saɓa. Babban rikicinmu a kan sauri ne. Mai tuƙi ba gaggawa yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma akwai ɗayanmu da ba ya iya ganin ruwa a gabansa bai tsere ba. Wata rana a tafki muka bi bayansa, iska na tura mu, daɗi har kunne. Da za mu dawo, iskar nan ta tsaya mana a fuska. Tafiyar awa ɗaya ta zama uku, rana ta faɗi, tocila ɗaya ce ke aiki, ba mai yi wa wani magana. Daga ranar muka sa doka: a fara da fuskantar iska tun da ƙarfi a jiki, kuma mafi rauni shi ke gaba, kowa da usur a wuya. Gwanin namu ya yi fushi na mako biyu, sannan ya kira yana tambayar ina za mu Asabar.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Hadari fa, in ya taso kuna tsakiyar ruwa?

Baƙo: Ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, duk daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ke nan. Amma mu da mun ji tsawa ko daga nesa, gaci muke nufa, kuma ba ma fakewa a gindin doguwar itaciya.

Mai gabatarwa: Malam, mun gode. Sauran wasiƙun, har da mai tambaya kan kwanan tanti da yara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.