Adrián Beltré: Yaron da Aka Ƙara wa Shekara

(Lacca ce da aka gabatar a gaban masu horar da matasa da 'yan jaridar wasanni, aka rubuto ta daga faifai.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, ranka ya daɗe. Malamaina masu horar da yara, abokan aikina 'yan jarida, da ƙannena da kuka cika kujerun baya, barkanmu da yamma.

Na san wasunku da suka ga takardar gayyata sun ce, yau kuma me ya haɗa mu da besbol? Wasan da ba ma bugawa, ba ma kallo, in ka shiga gidan kallon ƙwallo ka ce a kamo maka shi sai an fito da kai. Ku ara mini kunnenku tukuna. Mutumin da zan yi magana a kansa sunansa Adrián Beltré, ɗan Jamhuriyar Dominika, kuma abin da ya sa na zaɓe shi magana ce da duk wanda ke ɗakin nan ya sani: shekarun ɗan wasa. Nawa ne na gaskiya, nawa aka rubuta, kuma wa ke da ikon cewa wane ya ƙare?

Bari in ɗan zana muku filin, don kada in bar kowa a baya. Zango huɗu ne a jere kamar murabba'i, tsakanin kowane biyu ƙafa 90. Mai jifa yana tsakiya, mai duka yana gida, wato zangon da ake farawa a kuma ƙare, riƙe da sanda. In ya daki ƙwallo sai ya ruga zango na ɗaya, masu tsaro kuma su yi ƙoƙarin kai ƙwallon can kafin ya isa. In ya riga ta, an rubuta masa bugu ɗaya. In ya ɗaga ta ta tsallake katanga, wannan shi ne hom-ron, sai ya zaga ya dawo gida hankali kwance. Masu tsaron da ke tsaye kusa da zangunan su huɗu ne, su ake kira 'yan tsaron ciki. Beltré mai tsaron zango na uku ne, kuma babu wurin da ya kai nan zafi. Ƙwallon takan zo maka da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, ga ta da tauri, ka tare ta, ka miƙe, ka wurga ta kusan mita 39 zuwa zango na ɗaya, duk cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Kuma wasa 162 ake bugawa a kaka ɗaya, kusan kullum, na tsawon wata shida.

Ita kuwa ƙasar tasu, kusan kashi biyu cikin uku ce na wani tsibiri a tekun Karibiyan, suna maƙwabtaka da Haiti, mutanenta miliyan 11 da ɗoriya. 'Yan Kuba ne suka kai musu wasan a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi saiwa a garuruwan masana'antun sukari irin San Pedro de Macorís. Yaransu da sandar tsintsiya da murfin gorar ruwa suke fara koyo a kan titi. Wanda ya iya dukan murfin gora yana lilo a iska, ƙwallo ba za ta ba shi tsoro ba. Ɗan ƙasar na farko da ya shiga babbar gasar Amurka shi ne Ozzie Virgil, a 1956. A yau kusan ɗaya cikin kowane goma na 'yan wasan gasar daga wannan ɗan tsibiri yake, kuma duk ƙungiyoyi 30 kowace tana da makarantar renon yara a can. Kada ku ɗauka don Allah suke yi. Yaron Amurka sai an bi tsarin zaɓe, ga tsada. Yaron Dominika kuwa, musamman a wancan zamani, da kuɗi kaɗan za ka ɗauki ashirin, in ɗaya ya fito ka ci riba, sauran su koma gida ba boko ba sana'a.

An haifi Beltré a Santo Domingo ranar 7 ga Afrilu, 1979. A 1994 ya je gwaji Campo Las Palmas, makarantar ƙungiyar Los Angeles Dodgers. Siriri ne, ko kilo 60 bai cika ba, amma masu farautar yara biyu, Ralph Avila da Pablo Peguero, suka ga saurin hannunsa da ƙarfin jifarsa, suka ce wannan ba za a bari wani ya riga su ba. Sai dai doka ta ce ba a ɗaukar yaro sai ya kai 16, shi kuwa 15 gare shi. To me aka yi? Aka mayar da shekarar haihuwarsa 1978. Aka ba shi dala 23,000, ya sa hannu.

Ku dubi wannan da kyau, don mu nan akasinsa muka saba gani. Mun san yadda ake aske wa ƙato gemu a sa shi cikin 'yan ƙasa da 17, har sai da FIFA ta kawo na'urar duba ƙashin hannu a 2009. A Dominika ma rage shekaru ya fi yawa. Miguel Tejada, wanda ya taɓa zama gwarzon gasa a 2002, a 2008 aka gano ya girmi takardarsa da shekara biyu. Mai jifan da duniya ta sani da Fausto Carmona, a 2012 ta bayyana cewa sunansa ma Roberto Hernández ne. Waɗannan yaran talakawa ne da suka yi ƙarya don a ɗauke su, kuma in asiri ya tonu su ake nunawa da yatsa. Amma a kan Beltré, ƙungiya ce mai kuɗi da lauyoyi ta yi ƙaryar, don ta kama yaro da arha tun kasuwa ba ta san farashinsa ba. A 1999 wakilinsa Scott Boras ya tono maganar. Shugaban gasar, Bud Selig, ya ci Dodgers tarar dala 50,000, ya rufe harkokinsu a Dominika na shekara guda, ya dakatar da mutanen nan biyu. Amma ya ƙi sakin yaron ya je kasuwa ya nemi mai saye. A ganina, tarar nan ko kusa ba ta kai ribar da suka ci ba. Wanda ya saci saniya aka ce ya biya kuɗin igiya.

Ya fara babbar gasa ranar 24 ga Yuni, 1998, yana ɗan shekara 19, kuma shigarsa ta farko ya yi bugu mai zango biyu. Daga nan sai aka ɗora masa buri mai nauyi. Shekaru suka yi ta tafiya yana wasa daidai gwargwado, ba laifi, amma ba abin da aka yi tsammani ba. Mutane suna mantawa cewa sa'o'insa a lokacin suna ƙananan gasanni suna koyo, shi kuwa a gaban dubban 'yan kallo yake koyon nasa. A farkon 2001 kuma aka yi masa tiyatar afendiks a gida, aikin bai yi kyau ba, ciwon ya ƙi rufewa. Haka ya je sansanin atisaye da jaka maƙale a cikinsa yana tare ƙwallo, sai da aka sake yi masa wata tiyatar a Amurka.

Sai 2004. Hom-ron 48, babu wanda ya kai shi a duk gasar. Bugu 200, wato kusan duk shiga uku sai ya ci ɗaya. A zaɓen gwarzo ya zo na biyu, bayan Barry Bonds. Seattle Mariners suka zuba masa dala miliyan 64 na shekara biyar.

Nan ne nake so masu alƙalami su saurare ni. A Seattle shekararsa ta farko hom-ron 19 ya yi. A duk shekaru biyar ɗin, 103. Jaridu suka yanke hukunci: ya yi ƙoƙari shekara ɗaya don ya samu kwantiragi, ya samu ya kwanta. Wasu suka yi ta raɗe-raɗin ƙwaya, alhali ba a taɓa kama shi da komai ba, har ya yi ritaya. Abin da ba su tsaya sun duba ba shi ne filin. Filin Seattle na wancan lokaci ɓangaren hagunsa yana da zurfi, iskar teku mai sanyi da laima tana danne ƙwallo, kuma na-dama irin Beltré can ɓangaren yake aika yawancin dukansa. Ƙwallon da a wani gari za ta faɗa cikin 'yan kallo, a nan sai ta sauka a hannun mai tsaro, a rubuta ya fāɗi. Rabin wasanninsa na shekara biyar a wurin ya buga su.

Sannan ba su ƙirga abin da yake hanawa ba. In an yi ɗan dukan nan mai rarrafe a ciyawa, sai ka ga ya taho a guje, ya sunkuya, ya ɗauke ta da hannun da ba safa, jikinsa na karkata zai faɗi, ƙafa ɗaya a sama, ya wurga ta ta gefe ba tare da ya daidaita tsayuwa ba, ta isa kafin mai gudu. Duk mai horarwa zai ce wa yaro kada ka yi jifa haka. Shi haka ya yi shekara 21. A Seattle ɗin da ake cewa ya lalace ne ya karɓi Safar Zinare, kyautar gwanin tsaro, a 2007 da 2008. Taurin rai kuwa, a Agustan 2009 ƙwallo ta same shi a mazakuta, ba ya sa kariya, ya ji mummunan rauni. Ya ci gaba da wasa, aka yi ta ƙarin lokaci har zagaye na 14 maimakon taran da aka saba, kuma shi ya shigo gida da makin nasara. Kada yaro ya ce na ce a kwaikwayi wannan, a sa kariya!

Ƙarshen 2009 yana da shekara 30, ga rauni, hom-ron 8 kacal a kakar. Jimillar bugunsa 1,700, hom-ron 250, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa zaɓarsa wasan taurari ba. Da a ranar za ka tambayi masana, za su ce maka ɗan wasa ne mai kyau da bai cika alkawari ba, saura shekara biyu ko uku a manta da shi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni kuwa na ce haka ma kushe, a jira.

Ya karɓi kwantiragin shekara ɗaya tak a Boston kan dala miliyan 9, da niyyar ya nuna kansa a filin da katangar hagu ke kusa. A 2010 ya yi hom-ron 28, bugu mai zango biyu 49, mafi yawa a gasar, ya shiga wasan taurari karon farko. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, fili kawai aka canza. Texas Rangers suka ɗauke shi a 2011, ya yi shekara takwas a can, kuma a shekarun da ake cewa ƙarfi na raguwa ne ya ƙara bugu 1,277 da hom-ron 199, da Safar Zinare uku.

A Texas ne kuma mutane suka san halinsa. Ba ya son a taɓa masa kai, ko kaɗan. Abokin tsaronsa Elvis Andrus ya mayar da abin sana'a: da ya yi hom-ron an cire masa hular kwano, sai Andrus ya lallaɓo ta baya ya shafa, Beltré ya bi shi da duka. Wani lokaci yakan kai wa ƙwallo duka da ƙarfi har gwiwarsa ta dira ƙasa, kuma a durƙushen ta tsallake katanga. Ranar 26 ga Yuli, 2017, alƙalin wasa Gerry Davis ya ce masa ya koma kan tabarmar robar da aka tanada don mai jiran layi. Beltré ya dube shi, ya je ya jawo tabarmar zuwa inda yake tsaye. Nan take aka kore shi daga wasan. Bayan kwana huɗu, ranar 30 ga Yuli, ya yi bugunsa na 3,000 a kan Baltimore. Shi ne mutum na 31 a tarihi da ya kai nan, kuma haifaffen Dominika na farko.

Ya ajiye sanda a Nuwamban 2018 da bugu 3,166 da hom-ron 477. A zango na uku, Brooks Robinson kaɗai ya fi shi yawan wasanni. Rangers suka jingine lambarsa 29, ba mai sake sa ta. A 2024, shekarar farko da ya cancanta, kashi 95 cikin ɗari na masu zaɓe suka shigar da shi Zauren Gwaraza na Cooperstown, ɗan Dominika na biyar bayan Juan Marichal, Pedro Martínez, Vladimir Guerrero da David Ortiz. Cikin masu jefa ƙuri'ar nan, 'yan jarida ne irinmu, tabbas akwai waɗanda suka rubuta a 2009 cewa an yi asarar kuɗi a kansa.

Shugaban zama ya nuna mini agogo, kuma na ga hannu a can baya. Ƙanena, bismillah.

(Wani matashi ya tambaya ko Beltré ya taɓa ɗaukar kofi.)

Bai taɓa ba, kuma yadda abin ya kuɓuce akwai ciwo. A 2011 Rangers suka kai wasan ƙarshe da St. Louis Cardinals, wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai shi ke da kofi. Texas na da uku. A wasa na shida Beltré da kansa ya yi hom-ron a zagaye na bakwai. Aka shiga zagaye na tara suna gaba da 7 da 5, saura jifa ɗaya mai kyau a tashi. David Freese ya ɗaga ƙwallo ta wuce kan Nelson Cruz, wani ɗan Dominikan, mutum biyu suka shigo, shi kuma Freese ya zo ya zube a zango na uku, a gaban Beltré. A zagaye na goma Texas suka sake wucewa da biyu, aka sake zuwa saura jifa ɗaya, aka sake farkewa. A na 11 Freese ɗin nan dai ya tsallakar da ita katanga, 10 da 9. Washegari Cardinals suka cinye wasa na bakwai. Rangers ba su ɗauki kofin ba sai a 2023, shekara biyar bayan ritayarsa.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.