Gwada fenti kafin a sayi bokiti

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a ɗakin amarya muke, saura sati uku a zo jere, kuma 'yan uwanta sun ce ruwan madara suke so. To amma ruwan madara kala nawa ne? Ga guda uku na ɗebo a 'yan gwangwanaye daga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Kada ka yarda da katin kalar da mai shago zai nuna maka, ɗan tsito ne, a bango sai ya canza maka fuska.

Ni ba na shafawa a jikin bango kai tsaye. Wannan bangon shuɗi ne, duk abin da ka ɗora a kansa idonka zai gan shi ya yi ɗorawa-ɗorawa. Farin kwali nake samu, kamar rabin mita, in shafa. Miƙo min buroshi, ɗan'uwa. A'a, bar shi, kawo ƙaramar rola, tunda da rola za a yi aikin. Ka ga, hannu ɗaya kenan. Ka bari ya bushe sosai ka ƙara hannu na biyu. Nan mutane suke gaggawa. Ɗanyen fenti kalarsa daban, busasshe daban, sai bayan hannu na biyu za ka ga gaskiyarsa.

Sai ka riƙa yawo da kwalin. Kusa da taga da hantsi, bangon da ba ya samun rana da la'asar, sannan da dare a kunna ƙwai. Farin ƙwan LED yana kashe ruwan madara ya koma kamar toka, mai jan haske kuma ya ƙara masa ɗorawa. Na taɓa yi wa wata Hajiya falo, bokiti biyu masu lita 20, da Magariba aka kawo wuta ta ce wannan ba kalarta ba ce. Daga aljihuna na sake shi, wallahi.

Takardar bango ma haka, yanki ɗaya ka manna da salatif kusa da labule da tayil, ya kwana biyu. In za ka saya, duba lambar da ke jikin kowane nadi ta zama iri ɗaya, in ba haka ba sai ka ga bambanci a wurin haɗi. Nadi ɗaya yawanci mita 10 ne, faɗin santimita 53, ka ƙara ɗaya saboda ɓarna. In bangon yana tsatsafo da danshi da damina kuwa, manta da takarda, ɓanɓarowa za ta yi.

Masu son mu zo mu duba musu ɗaki, ku aiko mana da saƙo. Bari in ɗaga kwalin tsakiyan nan ku gani, ya fara bushewa.