Jawabin Maraba Daga Bakin Masuntan Gaɓar Nil Azraƙ

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, da 'yan rakiyarka, da iyayenmu malamai, da Sarkin Ruwa, da dattawan gari, assalamu alaikum. A madadin masuntan wannan gaɓa ta kogin Nil Azraƙ a nan Sudan, da mata masu banda da kajek, wato busasshen kifi, da yara masu dakon kwanduna, muna yi maka lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ƙura. Mun ji daɗi da ka ce a yi maka jawabi da Hausa, harshen da ka sha a nono, ba sai an nemo tafinta ba.

Ranka ya daɗe, ba baƙin kogin nan ba ne mu. Kakanninmu sun biyo hanyar Makka da ƙafa, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, aka kafa garin Maiwurno kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya taru, kifi ya yi gida, su kuma suka zaro taru da birgi da mamari. Ƙarfasar da 'yan'uwanmu Larabawa ke kira bulɗi, da giwan ruwa, da tarwaɗar da ake ci a kasuwannin jihar nan, da yawa daga hannunmu suke fita.

Ka taka ka ga mashigin jiragenmu da idonka, don haka ba zan ja ba. Iskar daminar bara ta kwashe rumfar awo da ta gwanjo, ambaliya ta biyo baya ta rushe ɗakin ƙanƙara da matattakalar da muke ɗaure jirage. Wannan kuwa ya same mu muna farfaɗowa daga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Abin da ya fi ci mana rai ya zo ne bayan ruwa ya janye. Muka yi karo-karo, muka sayi bulo da siminti, sai aka ce a dakata: filin yana cikin haramin kogi, inda aka hana gini, sai da sabon tasdiƙi, wato takardar izini. Takardarmu ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, simintin ya daskare a buhu. Ba mu ce dokar banza ce ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da Nil Azraƙ ya wuce mita 17 a Khartum, ya zarce alamar 1946 da ta 1988, ya san dalilin da ya sa ake nisanta gidajen kwana daga ruwa. Mu ma ba mu so jikokinmu su kwana a bakin gaɓa. Amma gida daban, mashigi daban. Gida ana iya mayar da shi kan tudu. Mashigin jirgi fa, ina za a kai shi in ba bakin ruwa ba? Yanzu a ƙasa muke zube kifi, cikin rana. Wanda aka kamo da asuba, kafin azahar ya fara sauya wari, dillali ya taya yadda ya ga dama, masunci ya sallama don ba shi da inda zai ajiye.

Wani ɗanmu da ke karatu a Amurka ya ba ni labarin jihar Maine, inda guguwa biyu a Janairun 2024 suka farfasa tashoshin masunta. Majalisarsu ta sassauta doka a shekarar, aka bar mai tasha ya sake gina ta, ya ƙara mata tsawo sama da yadda take, ba tare da jiran dogon izini ba. Na ce masa su teku gare su, mu kogi, amma ciwon ɗaya ne.

Roƙonmu bai wuce haka ba, Allah ya ba ka nasara. A ware gine-ginen sana'ar kamun kifi daga hanin da ke kan gidaje. Wanda yake da rumfa ko ɗakin ƙanƙara kafin ɓarna, a bar shi ya mayar a gurbinsa, kada ya ƙara faɗi ko taku ɗaya, amma a yarje masa ya ɗaga daɓen sama da inda ruwa ya kai. Injiniya ya zo ya auna, mun yarda. Wanda ya fake da wannan ya gina shago ko gida, mu da kanmu za mu nuna shi. Kuma a yi kafin watan Yuli, domin tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke saman kogin nan a 2020, ko dattawanmu ba sa iya cewa ga ranar da kogi zai cika.

Takardar roƙon tana hannun Sarkin Ruwa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, zai miƙa maka yanzu. Bayan nan iyayenmu mata sun soya ƙarfasar da aka kamo da safiyar yau, suna jira a inuwar can. Allah ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.